WA ZAI KALLI FIM ƊIN? TAMBAYAR DA ƊALIBANMU KE JIN KUNYAR YI



Akwai tambayar da ta kamata ta zama ta farko ga duk wanda ya ɗauki kamara da niyyar yin fim, amma a ƙasar nan ita ce ta ƙarshe, in ma an yi ta: wa zai kalla? Mace ce ko namiji? Yana Maraɗi ko yana Tripoli wajen bida? A tele zai gani ko cikin ƴar salula mai fasasshen gilashi? Da mi zai biya, kuma wa zai gaya mashi cewa fim ɗin ya fito? Wannan shi ne ilimin tallar fim da sanin ƴan kallo, kuma shi ne darasin da ƙannenmu masu karatun jarida da sadarwa sunka fi rainawa. Yau kansa za mu yi magana, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Mu ma'aikatan rediyo muna karɓar ɗalibai kowace shekara, suna zuwa istaj wata ɗaya ko biyu. Yara ne masu kaifin kai, ba mu raina su ba. Sun san sunan kowane irin ɗaukar hoto da Faransanci. Ka tambaye su tallar fim, za su zubo maka darasi tiryan-tiryan: yadda ake tsara afish, yadda kamfanonin Amurka ke kashe miliyoyin dala kafin fim ya fito, yadda ake ƙirga kuɗin da fim ya tara a ƙarshen makonsa na farko. To madalla. Sai ka ce masu: wane shiri ne matan unguwarku ke jira kowane mako, har tuwo ya ƙone? Sai kallon-kallo. Wani ya yi murmushi ya ce shi ba ya kallon "waɗannan abubuwa". Wata ta ce ai wannan na ƴan gida ne. Kenan mutum ya share shekara uku yana koyon yadda ake sayar da fim ga mutanen Los Anjeles da Paris, waɗanda har abada ba za su sayi nashi ba, amma bai san abin da uwarsa ke kallo cikin ɗakinta ba. Kuma bai ɗauki wannan a matsayin giɓi ba, ado ne gare shi.

Asalin ciwon raini ne, mu faɗi gaskiya. Mu da munka yi lakwal da Faransanci mun san yadda ake raba abin gida biyu. Gefe ɗaya akwai "sinima", abin manya, wanda ake kaiwa bikin fina-finai a samo kambu. Ɗaya gefen akwai "dandalin soyayya", sunan da munka laƙaba ma fina-finan Kano tun zamanin kaset, abin mata da yara da ƴan kabu-kabu. Ɗalibi ya ce zai rubuta memwar kan sinima, a tafa mashi. Ya ce zai rubuta kan dalilin da ya sa ƴan Damagaram ke haddace waƙoƙin fim ɗin Kano, sai a ce ya nemi jigo mai nauyi. Alhali in ana maganar nauyi, wane ne ya fi: fim ɗin da mutum ɗari biyu sunka gani a zaure mai sanyi, ko wanda ya sauya yadda ƴan matan gari guda ke ɗaura kallabi da yadda samari ke zance?

Abin da ya fi ƙona rai, mu ne munka riga kowa. Lokacin da Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, Kano ba ta san za ta yi fim ba. Oumarou Ganda ya kai Cabascabo bikin Cannes a 1969, kuma da anka fara ba da babban kambun FESPACO a Wagadugu a 1972, shi ya fara ɗauka da Le Wazzou polygame. Ga Djingarey Maïga, ga Zalika Souley. Turmin Danya, wanda ake lissafawa farkon fina-finan bidiyo na Kano, sai 1990 ya fito, kusan shekara 30 bayan Aouré. Yau fa? Tsaya bakin kowace tasha daga Gaya zuwa Diffa ka tambayi yaro Ali Nuhu, zai ba ka tarihinsa. Tambaye shi Oumarou Ganda, in ɗan Yamai ne zai ce maka sunan gidan wasa ne.

Kuma ku lura da wani abu da ba a cika faɗa ma ɗalibai ba. Su waɗannan magabatan ba su raina ƴan kallo ba. Moustapha Alassane da wasan inuwa ya fara tun yana saurayi, yana tara jama'a yana ganin inda suke dariya da inda suke shiru. Fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, mi ne ne in ba nazarin ƴan kallo ba? Saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba ma abokansa, sunka hau dawaki sunka addabi gari. Mutumin ya zauna ya kalli abin da fina-finan kaboyi ke yi ma kawunan samarin lokacinsa, ya maida shi fim. Daga baya ya koma Tawa ya zauna cikin jama'a. To wanda yau ke kiran sunansa yana yamutsa fuska in an ambaci abin da talakawa ke kallo, bai fahimci mutumin ba.

Za a ce mana gidajen sinima ne sunka mutu. Gaskiya ne, sun mutu. Vox da Zabarkan da Jangorzo sun zama labari, kuma buɗe Canal Olympia a Yamai a 2017 bai maido ma mutumin Tasawa ko na Madawa komi ba. Amma ƴan kallo ba su mutu tare da gidajen ba, wuri sunka sauya. Sun koma gidajen bidiyo na zana da benci, sun koma gaban tele a tsakar gida, yanzu sun koma cikin waya. Kano ta bi su duk inda sunka nufa. Mu munka tsaya bakin ƙofar da anka rufe muna jiran a sake buɗewa.

Bari mu ɗan tsaya kan yadda Kano ta yi, don a nan darasin yake, kuma yawancin waɗanda sunka yi shi ba su taɓa zama ajin sadarwa ba. Sun gane da wuri cewa Bahaushe ya shekara da shekaru yana kallon fim ɗin Indiya ba tare da jin yaren ba, don haka waƙa da soyayya da rikicin gida ba baƙi ba ne gare shi. Da Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta shiga ko'ina, daga nan kowa ya gane waƙa ita ke jan fim. Sai ya zama ana sakin waƙoƙi kafin fim, suna yawo a kaset, a gidan biki, a bakin mai shayi, har mutum ya ƙosa ya ga hoton abin da ya riga ya haddace. Farkon kowane kaset ko faifai ana jera tallar fina-finai masu zuwa, wanda ya sayi ɗaya ya tafi gida da yunwar biyar. Ana raba labari gida biyu, a yanke na ɗaya daidai inda zuciya ta rataye. Ana sa fuskar jarumi babba a kan kwali, don an san mai saye fuska yake ganewa kafin rubutu. Ana ajiye manyan fina-finai sai Sallah, lokacin da akwai kuɗi a aljihu kuma dangi sun taru. Ƴan kasuwar Ƙofar Wambai, su da ke taɓa kuɗin mai saye da hannunsu, su ke gaya ma mai shirya fim wane jarumi ne ke tafiya, wane ne ya kwanta. Mujallu irin su Fim da Tauraruwa na hura wutar. Daga Kano kaya su hau mota, su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Daura da Magarya, gobe suna kasuwar Maraɗi da ta Damagaram.

Da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, sunka sha wuya ƙwarai, wasu sun karye har yau ba su tashi ba. Amma waɗanda sunka rage sun sake bin ƴan kallo. Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Aminu Saira ya zo da Labarina, Lawan Ahmad ya zo da Izzar So a YouTube. Yanzu sirrin shi ne rana ɗaya tsayayya kowane mako, sa'a ɗaya tsayayya, har ta zama kamar alƙawari tsakanin mai fim da mai kallo. Ku buɗe sharhin da ke ƙarƙashin waɗannan shirye-shirye ku ƙirga masu cewa "daga Nijar nake kallo". Megar da ƙannenmu ke saye da kuɗin cefane, ita ke ƙara ma tashoshin Kano lamba. Ba mu ce haramun ba ne, ƴan uwanmu ne, harshe ɗaya, kuma sun yi aikinsu. Har namu sun ɗauka sun ɗaukaka: Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, Rakiya Moussa tamu ce. Abin tambaya shi ne mi ya sa sai sun ƙetare iyaka kafin mu san su. Kuma a can, malami kamar Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya share shekaru yana nazarin waɗannan fina-finai da masu kallonsu, bai ji girmansa ya zube ba.

To mu wa muke yi ma fim? Nan ne maganar ke da ɗaci. Matashin da ya gama karatu ya san ba zai sami kuɗin fim daga aljihun ɗan kallo ba, don ba a koya mashi hanyar ba. Abin da anka koya mashi shi ne rubuta dosiye. Yadda za ka tsara takardar neman tallafi, kalmomin da ke sa kwamiti a Turai ya gyaɗa kai, jigogin da ƙungiyoyin agaji ke biya a bana. Shi ma fa nazarin ƴan kallo ne, sai dai ƴan kallon mutum bakwai ne zaune a kewayen tebur, kuma ba ɗaya cikinsu da ke jin Hausa ko Zabarmanci. Wanda ya biya kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa mashi. Shi ya sa za ka ga fim an yi shi a ƙauyenmu, da mutanenmu, da harshenmu, amma ka ji kamar ana bayyana mu ne ga baƙo. Shi ya sa kuma muke da tarin gajerun fina-finan faɗakarwa da ake nunawa sau ɗaya gaban manyan baƙi, a sha lemu, a ɗauki hoto, a kulle cikin kwamfuta.

Kada a juya mana magana. Muna da gwanaye, kuma muna alfahari da su. Sani Magori ya ɗauki albasar Galmi ya yi fim da ita a 2008, ya bi zabiya Hussey har Abijan cikin Koukan Kourcia don ta kira ƴan ci-rani su dawo gida. Aïcha Macky, wadda ta yi karatu a IFTIC, ta taɓo ciwon rashin haihuwa cikin L'arbre sans fruit a 2016, ta shiga Kara-Kara ta fito da Zinder a 2021. Rahmatou Keïta ta yi nata. Waɗannan labarai ne da kowace mace a Kwanni ko Mirriya za ta zauna ta kalla har ta share hawaye. Amma shiga rumfar mai tura fina-finai a kasuwarku ka nemi ɗaya daga ciki. Fim ɗin Indiya da Algaita ta fassara, akwai. Na Kano, har na jiya da dare akwai. Namu kuwa yaron zai ce ka maimaita sunan. Laifin bai rataya ga masu fim ɗin kaɗai ba, aikin kai kaya kasuwa sana'a ce daban, kuma ita ce ba mu da masu yi. Ɗaliban sadarwa su ne ya kamata su cike wurin, su kuwa kowa so yake ya zama mai ba da umarni.

Kuma ko ita tagar tallafin, ku duba da kyau, ta fara rufewa. Tun bayan Yulin 2023 hulɗa da Faransa ta yanke. Cibiyar al'adu ta Yamai da ke ɗauke da sunan Jean Rouch yanzu sunan Moustapha Alassane take amsawa. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda asusunta na cikin wuraren da masu fim na yankin nan ke kai dosiye. Kowa na da ra'ayinsa kan siyasar, ba ita ta tara mu yau ba. Amma ko kana murna ko kana baƙin ciki, lissafin ɗaya ne: in kwamitin waje ya tafi, mai biya ɗaya ya rage, shi ne wanda munka raina. Ana ta maganar ƴancin kai. To ƴancin kan mai fim shi ne ya ci abinci daga hannun mutanensa, kuma ba za su ba ka ba in ba ka san su ba.

Mun san abin da za a ce a sharhi, bari mu riga ku. Na farko za a ce in an bi son ƴan kallo, sai rawa da waƙa da lalata tarbiyya. Wanga zance zagi ne ga jama'a, kuma bai da tushe. Izzar So ya tara miliyoyin kallo, alhali abin da ya fi yawa cikinsa nasiha ce da rikicin wurin aiki. Kwana Casa'in siyasa ce da cin hanci da aikin jarida. Daɗin Kowa ya taɓo ƴan gudun hijira da shaye-shaye da almajirci. Mutanen da ke kallon waɗannan su ne dai waɗanda ake cewa ba su son komi sai rawa. Sanin ɗan kallo bai nufin ka ba shi duk abin da ya roƙa. Mai maganin gargajiya ma ya san wanda zai sa ma zuma da wanda zai ba ɗaci kai tsaye, amma sai ya san majinyacin tukuna.

Na biyu za a ce talla yaudara ce. Nan kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu kare masu yi ba. Muna ganin hoton da ake liƙa ma bidiyo, mace na kuka an rubuta abin da babu shi cikin fim. Muna ganin faɗan ƙarya da jarumai ke shiryawa a TikTok mako ɗaya kafin sabon shiri. Har mutuwar ƙarya ana yi ma mutum don a sami dannawa. Wannan ƙazanta ce. Amma mi ya sa ta yi yawa? Don an bar filin ga waɗanda ba su da horo kuma ba su da kunya. Ɗalibin da ya karanci ɗa'ar aikin jarida ya naɗe hannu ya ce shi ya fi ƙarfin talla, sannan ya dawo yana kukan talla ta lalace. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne ko a kasuwa: mai kallon da ka yaudara sau biyu ba ya dawowa na uku, lambobin tashar da kansu za su nuna maka inda ya tsere.

Na uku, babu kuɗi. Wannan kam mun gaji da ji. Nazarin da muke magana bai buƙatar kamara ko jirgi. Littafin rubutu ne da biro da takalmi mai ƙwari. Je ka rumfar masu tura fina-finai a babbar kasuwa, ka sayi shayi, ka zauna mako biyu. Rubuta abin da ake tambaya, wa ke tambaya, ƙarfe nawa, dala nawa yake biya, kuma in babu abin da ya zo nema mi yake karɓa a madadinsa. Wannan yaron mai kwamfuta da igiyoyi ashirin ya fi kowane ofishi a ƙasar nan sanin abin da ake kallo, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Daga nan ka shiga fada da dare, ka ga yadda samari goma ke kallon waya ɗaya, wa ke zaɓe, a ina suke tsallakewa, a ina suke maidowa baya. Ɗalibai mata kuma ku ne da babban rabo, don ku ke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Matan da ke cikin gida su ne ginshiƙin wannan kasuwa tun zamanin kaset. Ku zauna da su, ku ji mi ya sa suke ƙin wata jaruma kamar kishiyarsu, mi ya sa sunka daina wani shiri a tsakiya.

In kunka yi haka za ku gano abubuwan da babu su cikin takardun da ake kwafowa daga intanet. Za ku gane cewa a ƙasar da yawancin manya ba su karatun boko, afish mai dogon rubutu da Faransanci ado ne kawai, saƙon murya na WhatsApp da sanarwar rediyo sun fi shi tafiya. Za ku gane cewa tsawon fim ba a kan son ranka yake ba, a kan forfen mai kallo yake da cajin wayarsa, a garin da kuran ke zuwa yana tafiya. Za ku gane kalandar kuɗi: aljihun manomi a kaka daban yake da na bazara, azumi na da nashi kallo, Sallah na da nata, kuma ɗan ci-rani da ke Aljeriya ko Libiya ko Abijan, wanda kewar gida ke ci, wataƙila ya fi kowa shirin biya. Za ku gane cewa kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, ku tambayi kanku mi ake yi masu, a ƙasar da ta haifi mutumin da ya yi zanen motsi tun 1965. Za ku gane ma wace Hausa za ku sa a bakin jarumi, don Bahaushen Adar in ya ji ɗan fim na cewa "munka" da "sunka" kamar kawunsa, wani abu na motsawa a ransa wanda Hausar Kano ba ta taɓawa. Wannan kaɗai jari ne da Kano ba ta iya ƙwace mana.

Mu a rediyo ba mu da zaɓi, dole mu san mai saurare. Ka buɗe layi, in shirinka bai yi ba, waya ta yi tsit, kai da injiniya ku kalli juna. In ya yi, kafin ka gama sallama layi ya cushe, tsohuwa daga ƙauye ta kira da wayar jikanta ta gyara maka magana. Wannan horon shi ne masu fim ɗinmu ba su samu, don su tafi ɗaya ake yi masu a zauren biki, kuma tafin zaure kowa na samu.

Kuma kada wani ya ce ɗan Nijar bai son nashi. Ku tuna lokacin kokowar takobi. Tun da anka fara ta a Tawa a 1975, in ta zo gari tsayawa yake, tela ya ajiye keke, kowa ya manne ga rediyo da tele, yara na kiran sunan Issaka Issaka a lungu. Ba kwamitin waje da ya ɗauki nauyin wannan soyayya. Akwai jarumi, akwai jiha da ke bayansa, akwai kirari, akwai makaɗa, akwai jiran gobe. Duk abin da littafin talla ke kira da manyan sunaye, ga shi nan cikin fili da ƙura. Ku tuna Yazi Dogo da ƴan wasansa, yadda gida ke cika in za a sa su a tele, don mutane na ganin maƙwabcinsu da ma'aikacin da ya wahalshe su a cikin wasan. To ina shiri mai dogon zango kan ɗan kokowa da bokansa da budurwarsa? Ina labarin masu ruwa-ruwa a kan iyaka? Ina na matan Kance da ke ɗaukar ɗiya su nufi Aljeriya, bayan duk ƙasa ta ji labarin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a 2013? Labari bai ƙare mana ba. Wanda zai auna ya ce ga masu jiran wannan, ga yadda za a kai masu, ga abin da za su iya biya, shi ne babu.

Saboda haka muna da magana da mutum uku. Malamai masu duba memwar: ɗalibin da ya kawo maku shafi tamanin kan tallar fim, ku tambaye shi mutum nawa ya zauna da su, a wace unguwa, da wane harshe. In amsar ita ce ya raba takardar tambayoyi ga abokan ajinsa talatin, ku maida shi kasuwa. Kuma ku bar shi ya kawo maganar mutane da Hausarsu ko Zabarmancinsu, kada a wanke ta da Faransanci har ɗanɗanon ya fita. Masu gidajen tele: kowane cikinku ka tambaya shi ne na ɗaya a ƙasa, ba mai takardar da za ta nuna. Ku ɗauki waɗannan yara su auna maku, ko don ku san farashin da za ku gaya ma mai talla. Kuma ku daina cika dare da kayan da kunka kwaso kyauta, sannan in ɗan ƙasa ya kawo nashi ku ce ya biya kuɗin iska ko ya zo da mai ɗaukar nauyi. Alhazan Maraɗi kuma, ku da kunka san ribar kowane buhu tun yana kan mota, mun san ba za ku sa jika ɗaya cikin abin da ba a nuna maku lissafinsa ba, kuma kuna da gaskiya. Amma ranar da yaro ya zo maku da lissafi a hannu, ku saurare shi kafin ku ce fim wasan yara ne. Sabulu da shinkafa da atamfar da kuke sayarwa, a tsakiyar shirye-shiryen Kano ake tallar irinsu.

Ku kuma ƙannenmu, YouTube na neman mabiya 1000 da sa'o'in kallo 4000 cikin shekara kafin ta fara raba kuɗin talla da tasha, kuma shafin da ke bayan kowace tasha na nuna minti nawa mutum ya kalla, daga wace ƙasa, a wane daƙiƙa ya fita. Ku haɗu ku biyar, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya ɗauka, biyu su yi wasa, na biyar kada ya taɓa kamara ko sau ɗaya. Aikinsa ya san ranar da za a saki, ya yanka guntun da zai yawo a WhatsApp, ya kai ma masu turawa da hannunsa, ya zo gidan rediyo ya nemi minti biyar, sannan ya dawo ya gaya ma sauran huɗun gaskiya ko da ba su so: a minti na bakwai mutane ke gudu, ku gyara. Wanda ya riga ya fara irin wannan a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya ajiye sunan tasharsa a sharhi, za mu shiga mu kalla.